Yadda Ake Shirya Hutun Jirgin Ƙasa Mai Tururi a Yankin Tafkunan Ingila

A arewa maso yammacin Ingila, cikin gundumar Cumbria, akwai wani yanki na tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District. Tun 1951 gwamnati ta keɓe shi a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A can akwai tsofaffin layukan dogo guda biyu waɗanda har yanzu injin kwal ke jan taragunsu, ɗaya a gindin tafkin Windermere, ɗaya a kwarin Eskdale. Wannan bayani na wanda ke son ya hau su duka biyu ne cikin kwana huɗu ko biyar ba tare da mota ba, ko ɗalibi ne a Manchester ko Leeds, ko baƙo da ya zo daga gida da iyalinsa.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga nan: waɗannan jirage ba na sufuri ba ne. Ba su da yawa a rana, kuma da wuri suke tashi daga aiki. Saboda haka daga jirgin ƙarshe ake fara lissafin kowace rana, a dawo baya zuwa safiya.

Mataki na 1: Zaɓi wata

Layukan biyu suna aiki kullum daga wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Da sanyi ya shigo sai ranaku ƙalilan. Ni dai da za a bi tawa, Mayu ko Yuni ko tsakiyar Satumba zan ce. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba makarantun Ingila na hutu, garin Bowness da ke bakin tafkin Windermere ya cika ya batse, kuɗin masauki kuma ya yi sama. Haka Litinin ta ƙarshe a watan Mayu da ta ƙarshe a Agusta, ranakun hutu ne na ƙasa, ka kauce musu in da hali.

Watan Yuni yana da wata riba: rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare. Amma kada hasken ya ruɗe ka. Jiragen ƙasan da na ruwa sun daɗe da tashi daga aiki kafin nan.

Ruwan sama kuwa ba shi da wata. Ƙauyen Seathwaite da ke yankin yana samun ruwan da ya haura milimita 3,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina jiƙewa a Ingila. Shi ya sa ciyawar take kore shar, shi kuma ya cika tafkunan. Wanda ya ce sai ranar da ba hadari zai fita, a ɗaki zai ƙare hutunsa.

Mataki na 2: Takardu da tikiti

Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar ziyara ta Birtaniya, wadda galibi ta wata shida ce. Wannan ka gama da ita tun kafin ka biya kuɗin komai.

Sai tikitin babban jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tikiti mai rahusa yakan fito ne wajen mako goma sha biyu kafin ranar, kuma a kan jirgi guda ɗaya tak yake aiki. Ka makara, ya tashi a banza. In shekarunka tsakanin 16 da 25 suke, ko kai cikakken ɗalibi ne ko da ka wuce haka, akwai katin rangwame da ke rage maka kashi ɗaya bisa uku. Akwai irinsa na mutum biyu masu tafiya tare, da na iyali masu yara. Amma wannan kati na manyan jiragen ƙasa ne. Layukan tarihi kamfanoni ne masu zaman kansu, da nasu tikitin da nasu farashin, kada ka sa rangwamen cikin lissafinsu.

Ka shiga shafin intanet na kowanne daga cikin ukun nan, Lakeside and Haverthwaite Railway, Windermere Lake Cruises mai jiragen ruwan tafkin, da Ravenglass and Eskdale Railway, ka sauke jadawalin ranakunka cikin waya ko ka buga a takarda. Cikin kwari sabis ɗin waya yakan ɗauke. Jadawalin yana canzawa da yanayin shekara, wanda ka gani na Agusta ba lalle ya zama na Oktoba ba. Ka duba kuma ko jirgin da ka zaɓa injin tururi ne zai ja shi, domin wasu tafiye-tafiyen, musamman na farko da na ƙarshe a rana, injin dizal kan ja.

Mataki na 3: Haɗa kaya

Jaka ɗaya ta goyo ta ishe ka. Babbar akwati mai taya wahala ce kawai a kan gadar shiga jirgin ruwa, ƙaramin jirgin Eskdale kuwa ba ma inda za ta zauna cikin daɗi. Rigar ruwa mai hula ta fi lema, don iskar kan tafki juya lema take yi. Takalmi mai kauri, rigar sanyi ko da a tsakiyar bazararsu, ƙaramar darduma mai naɗewa, da gorar ruwa.

Fararen kaya ka bar su a gida. Ni na yi wannan wautar: na sa farar shadda don a ɗauke ni hoto, na zauna a buɗaɗɗen tarago dab da inji. Kafin mu kai tasha ta uku kafaɗata ta yi ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa mini masoro, na sa hannu in kakkaɓe, sai na goge shi ya zama zane. Tokar kwal ce, haka take bin hayaƙi. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Mataki na 4: Ranar isowa

Daga tashar Euston a Landan, jirgin da ke zuwa Scotland zai sauke ka a Oxenholme cikin ƙasa da awa uku. Nan za ka canza zuwa ɗan gajeren layin da ke kai wa garin Windermere, tafiyar kamar minti 20. Daga Manchester ma ta Oxenholme ake bi, wasu jiragen har Windermere suke kai wa kai tsaye. Layin nan tun 1847 aka buɗe shi, kuma mawaƙin nan William Wordsworth ya yi ta adawa da shi, yana tsoron baƙi za su cika masa yanki. Sun kuwa cika shi.

Ga abin da ke rikita sabon zuwa: garin Windermere ba a bakin tafki yake ba. Bakin ruwan yana Bowness, kusan kilomita biyu da rabi a gangare. Bas mai lamba 599 tana tsayawa a ƙofar tasha ta kai ka. Masauki ko dai a Windermere, inda ya fi shiru da kusa da tasha, ko a Bowness kusa da jiragen ruwa, ko masaukin matafiya na YHA da ke Waterhead a bakin tafkin ta arewa ga mai son sauƙin kuɗi.

In ka iso da sauran rana, ajiye jaka ka tsallaka titi daga tasha ka hau Orrest Head. Ɗan tudu ne, minti ashirin zuwa talatin ka kai ƙololuwa. Daga can za ka ga tafkin a miƙe, kusan kilomita 17 daga kai zuwa gindi, mafi girma a cikin tafkunan Ingila na halitta. Ka ƙare masa kallo, don gobe a kansa za ka wuni.

Mataki na 5: Jirgin ruwa da jirgin ƙasa a rana ɗaya

Wannan ita ce ranar da ta fi son lissafi. Da safe ka sauka Bowness, ka nemi tikitin haɗaka na jirgin ruwa da jirgin ƙasa, zuwa da dawowa. Kafin ka bar gaban mai sayar da tikiti, tambayi abu biyu: ƙarfe nawa jirgin ƙasa na ƙarshe ke tashi daga Haverthwaite, kuma ƙarfe nawa jirgin ruwa na ƙarshe ke barin Lakeside zuwa Bowness. Rubuta su. Sannan ka ɗauki wanda ke tashi kafin na ƙarshe a matsayin naka, na ƙarshen ya zama ajiya.

Daga Bowness zuwa Lakeside kamar minti 40 ne. Manyan jiragen tsofaffi ne: Tern tun 1891 take kan ruwan, Teal 1936, Swan 1938. Da tururi Tern ta fara, yanzu dizal ce. In ka samu ita, zauna a waje ta gaba. Za ka wuce tsibirin Belle Isle da gidansa mai siffar da'ira, ka ga jirgin fito da ke tsallakar da motoci a kan igiyar ƙarfe, daga nan tafkin ya tsuke, dazuzzuka su sauko har bakin ruwa.

A Lakeside taku kaɗan ne tsakanin matsayar jirgin ruwa da dandalin jirgin ƙasa, kuma ba haɗuwar sa'a ba ce. Kamfanin Furness Railway ne ya shimfiɗa layin a 1869 don ya riƙa kawo fasinjoji har bakin jiragen ruwansa. An daina ɗaukar fasinja a 1965, masu kishin abin suka farfaɗo da wani sashe suka sake buɗe shi a 1973. Abin da ya rage kilomita biyar ne kacal, tafiyar da ba ta cika minti 20 ba.

Kada ka yi ribibin shiga tarago. Tsaya a kan dandali ka ga yadda ake juya tafiya. Injin zai iso yana huci, ma'aikaci ya shiga tsakaninsa da tarago na farko ya kwance mahaɗi, injin ya ɗan matsa gaba, a sauya masa layi, ya bi ta gefen taragun a hankali ya koma ɗaya ƙarshen a sake ɗaure shi. In ka matsa kusa da ɗakin direba za ka ji zafin wuta a fuskarka lokacin da mai zuba kwal ya buɗe bakin murhu, ya cika shebur ya watsa. Warin kwal da man inji da tururi a gauraye, tsofaffinmu da suka hau jirgin Kano zuwa Ikko kafin zuwan dizal sun san shi. Sai mai gadin jirgi ya busa usur, ya ɗaga koren tuta, a tashi.

Layin yana bin kogin Leven, wanda shi ke kwashe ruwan tafkin zuwa teku. Akwai 'yar tasha a Newby Bridge, sai Haverthwaite, inda rumfar injuna take. Shiga ka gani, a nan ake ajiye injuna biyu samfurin Fairburn masu lamba 42073 da 42085, su kaɗai suka rage a irinsu. Akwai wurin shan shayi da filin wasan yara. Awa ɗaya ta wadatar.

In ka dawo Lakeside da sauran lokaci, zaɓi abu ɗaya, kada ka haɗa biyu. Ko gidan kifaye da ke nan bakin ruwa, wanda yara ke so, ko ka taka zuwa Stott Park, tsohuwar masana'antar da daga 1835 zuwa 1971 ta riƙa sassaƙa kwarkwaron katako da masaƙun auduga na Lancashire suke naɗe zare a kai, yanzu gidan tarihi ce. Ita ba kullum take buɗewa ba, duba ranakunta tukuna.

Mataki na 6: Ƙaura zuwa Ravenglass

A taswira Ravenglass kamar ta bayan gida take. A ƙasa kuwa tsaunuka ne a tsakani. Hanyar mota da ta ratsa su tana bi ta mashigin Wrynose da na Hardknott, siririya ce mai cin mota ɗaya, wani wurin hawanta ya kai kashi 30 cikin ɗari, ga kwana kamar ƙugiya. Wanda bai saba tuƙin hannun hagu ba kada ya fara koyo a nan. Sauri kan haifi nawa.

Zagayawa za ka yi ta bakin teku, kuma zagayen ma kallo ne. Koma Oxenholme, sauka Lancaster, ka hau jirgin Barrow-in-Furness. Zauna ta hagu. Jirgin zai hau doguwar gada a Arnside, ya bi gaɓar Morecambe Bay ta Grange-over-Sands da Ulverston; in ruwa ya janye, yashi ne iya ganinka. Daga Barrow layin ya miƙa arewa zuwa Ravenglass. Ware rabin yini. Ranar Lahadi jiragen wannan layi kaɗan ne, gara ka sa ƙaurar a tsakiyar mako.

Ravenglass ƙauye ne mai babban titi ɗaya wanda ya ƙare a bakin ruwa, inda koguna uku, Esk da Mite da Irt, suke haɗuwa. Masaukai ba su da yawa, kama ɗaki tun da wuri, ka kuma sayi abin da za ka ci da dare tun daga Lancaster ko Barrow. Da yamma ka taka zuwa kangon gidan wankan Rumawa, minti goma zuwa sha biyar daga tasha. Bangonsa na nan tsaye ya fi tsayin mutum biyu.

Mataki na 7: Ɗan ƙaramin jirgin Eskdale

Mutanen wurin La'al Ratty suke ce masa, kalmar farko a bakinsu tana nufin ƙarami. Faɗin layinsa inci 15 ne, wato bai kai santimita 40 ba. Da farko ba haka yake ba. A 1875 aka buɗe shi da faɗin ƙafa uku don kwaso tama daga ma'adinan da ke kusa da ƙauyen Boot. Harkar ta karye, aka rufe shi a 1913, aka sake shimfiɗa shi a wannan ƙaramin faɗi daga 1915, sannan a 1960 masu son sa suka cece shi daga 'yan gwangwan. Duk sanda na hau shi sai na tuna da ɗan siririn layin da Turawa suka ja daga Zariya zuwa Jos don kuza, wanda aka rufe a 1957. Dalili ɗaya ya haife su, ɗaya ne dai ya samu masu riƙe shi.

Tashar tana manne da ta babban jirgi. Taragu iri uku ne: buɗaɗɗe, mai rufi ba tagogi, da rufaffe. In gari ya yi kyau ɗauki buɗaɗɗe amma can baya, nesa da hayaƙi. In da yayyafi, mai rufin. Kujerun ƙanana ne, dogon mutum gwiwarsa za ta taɓa ta wanda ke gabansa. Kada ka miƙe tsaye, kada yaro ya zura hannu waje. Reshe da dutse suna wucewa dab da kai.

Tafiyar kilomita 11 ce, minti 40, daga bakin teku zuwa Dalegarth. Duba sunan injin da ke jan ku a jikin tukunyarsa. River Irt asalinsa ƙirar 1894 ne, River Esk 1923, River Mite 1966, Northern Rock 1976. Direba a zaune yake kamar mai tuƙa keken ɗinki, kansa ya fi bututun hayaƙi tsawo, amma ka ji yadda injin ke nishi a hawan dajin da ke bayan Muncaster Mill, za ka san ba wasan yara ba ne. Bayan Irton Road kwarin zai buɗe: katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, fararen gidajen gona, da tumakin Herdwick masu toka-tokan jiki da farar fuska, waɗanda ake haifar 'ya'yansu baƙaƙe. In sama ta washe, can gaba za ka hango jerin tsaunukan Scafell, inda Scafell Pike yake, mita 978, babu wanda ya kai shi a Ingila.

A Dalegarth kada ka wuce sai ka ga an juya inji. Ana tura shi kan wani faifan ƙarfe, direba ya sa kafaɗa ya murza shi da ƙarfin jikinsa har ya fuskanci inda ya fito.

Daga nan ƙafa ce. Ƙauyen Boot minti biyar zuwa goma ne, da tsohuwar gadarsa ta dutse da injin niƙan da ruwa ke juyawa. Ta ɗaya ɓangaren akwai hanyar da ke haurawa zuwa magangarar ruwa ta Stanley Ghyll. Duwatsun wurin da santsi, riƙe hannun yaro. Mai ƙarfin ƙafa yana iya bin gefen kogin Esk ya gangara ya tari jirgi a wata tasha ta ƙasa. Ka ba kanka awa uku ko huɗu a kwarin, kuma ka sake duba lokacin jirgin ƙarshe, domin wanda ya rasa shi a Dalegarth ba shi da wata mota mai jiran sa.

Hanyoyin ƙafa da yawa ta cikin gonakin mutane suka ratsa, doka ta yarda ka bi muddin kana kan hanyar da aka sa wa alama. Ƙofar da ka samu a rufe, rufe ta bayanka. Kada ka hau katanga, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Ruwan kogin da na tafkin da sanyi ƙwarai ko da rana na haskawa, ba na faɗawa kai tsaye ba ne. In wani ya ji rauni a kan dutse, kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceton kan tsauni kake so.

Mataki na 8: Ci da salla

Naman halal ba a ko'ina ake samun sa a ƙauyukan nan ba. Kifi da soyayyen dankali shi ne mafita, amma tambayi da wane mai aka soya, kuma ko an kwaɓa fulawar da giya, don wasu wuraren suna yin haka. Tsiran nan mai naɗi da ake kira Cumberland sausage na alade ne, baƙin faifan da ake sa wa a karin kumallo kuma da jini ake yin sa. Ka ce a ba ka karin kumallo marar nama: ƙwai, wake, tumatir, burodi. Man zaƙin da ake sayarwa da suna rum butter akwai barasa a ciki. Don tsaraba, alewar na'ana'a ta Kendal da biskit ɗin citta na Grasmere sun isa.

Alƙibla daga yankin tana kudu maso gabas. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, kuma a nan za ka gode wa wannan sauƙi, musamman a watan Yuni da dare ke gajarta har isha da asuba su kusa haɗuwa. Tsara tafiyar daga Litinin zuwa Alhamis, ko ka sa Juma'a ta riske ka a Lancaster ko Preston, inda akwai masallatai.

Mataki na 9: Komawa, ko ƙarin kwana

Daga Ravenglass kana iya komawa ta inda ka zo, ko ka ci gaba arewa ta gaɓar teku, ta St Bees da Whitehaven, zuwa Carlisle, inda za ka samu babban jirgin Landan ko na Scotland. Ta arewan na fi so, saboda akwai wuraren da layin ke bi tsakanin gindin dutse da igiyar ruwa.

In kana da kwana ɗaya a hannu, daga Carlisle sauka a Penrith, ka hau bas zuwa Pooley Bridge a bakin tafkin Ullswater. Jiragen ruwan can ma tsofaffi ne, Lady of the Lake ta 1877 da Raven ta 1889. Sauka a Howtown, ka bi hanyar ƙafa ta gefen tafki zuwa Glenridding, kimanin kilomita 11, tafiyar awa uku zuwa huɗu mai hawa da sauka. Tashi da jirgin safe, ka cika gorarka, kuma tun a Pooley Bridge ka tambayi lokacin bas ta ƙarshe daga Glenridding zuwa Penrith.